Kwamfuta Da Ƙwayar Cuta: Kada A Yi Gyaran Gangar Auzinawa

Duk wanda ya taɓa shiga Banex Plaza da ke Wuse II a Abuja ya ga mutane rungume da kwamfutoci tamkar masu kai yara asibiti. Wannan tasa ta ƙi tashi sam, wancan kuma tasa takan tashi, amma kafin ya buɗe takarda guda sai fuskarta ta yi shuɗi ta ɗauke. Galibi an ɗebo cutar ne daga filash da aka soka a shagon buga takardu, ko daga wata manhajar kyauta da aka sauke ta intanet. Amsar da akan ba su a wuraren gyara, a nan da sauran garuruwa, kusan ɗaya ce: sai an yi fomatin. Watau a share duk abin da ke cikin rumbun na'urar, a sake zuba mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita.

To, a nan nake da magana. Fomatin magani ne, ba a musu, amma shi ne na ƙarshe, kuma wasu masu gyara sun mai da shi na farko domin ya fi sauri. Windows dai ana iya sake zuba ta sau goma a rana. Amma kundin binciken ɗalibin Jami'ar Abuja na shekara guda, da lissafin bashin ɗan kasuwar Wuse, da hotunan mahaifin da ya rasu, in sun tafi babu shagon da ke sayar da su.

Saboda haka aikin farko shi ne a raba na'urar da intanet, a kuma ceto takardu. Ko da Windows ta ƙi tashi, gwanin gyara yana iya tayar da kwamfutar da wata manhaja daga filash mai tsabta, ko ya ciro rumbun ya haɗa shi da wata na'ura, ya kwashe takardun, ya bincike su kafin a mayar. Sau da yawa ma cutar filash ɗin nan da ta addabi ofisoshinmu ba ta goge komai ba, ɓoye takardun kawai ta yi, ta bar inuwarsu a gurbinsu.

Bayan nan sai a kashe cutar, sa'an nan a ɗinke ɓarnar da ta yi. Waɗannan ayyuka biyu ne dabam, kuma nan ne mutane ke ruɗewa, domin ƙwayar cuta takan mutu ta bar babbar manhaja da gurgunta. Windows tana da nata kayan ɗori. Akwai umarnin sfc /scannow, wanda ke bin fayilolinta ɗaya bayan ɗaya yana maye gurbin waɗanda suka lalace. Akwai hanyar mayar da ita yadda take a wata rana kafin ciwon. Akwai kuma ta sake zuba ta gaba ɗaya ba tare da an taɓa takardun mai ita ba. Sai waɗannan sun gaza, ko kuwa cutar ta yi saiwa har ba a amince da na'urar ba, sa'an nan a share.

In an zo sharewar kuma, mai kwamfuta ya tambaya: wace Windows za a zuba mini? Ta jabu wadda aka ɓalle wa makulli takan zo da tata cutar a ciki, ka ga an gudu ba a tsira ba ke nan. Tsohuwa ma haka. Kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 7 gyara tun Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Wanda ya raina wannan ya tuna da WannaCry, wadda a watan Mayun 2017 ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali kuwa an fitar da abin toshe ƙofar da ta bi tun watan Maris, mutane ne ba su ɗora ba.

Ita irin wannan cuta ta masu neman kuɗin fansa kulle takardu take yi, kuma ko an sake Windows ba za su buɗu ba. Wanda ya saba kwafe aikinsa a wani rumbu dabam da yake cirewa ya ajiye a aljihun tebur, shi ne zai koma aiki washegari. Kuma da zarar na'ura ta warke, a canza kalmomin sirri na banki da na imel duka, domin mai yiwuwa ne ɓarawon ya riga ya kwafe su tun kafin a kai ta gyara.