Cinikin Biri a Sama

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana ta zauna daram, har ta fara zama kamar abin gado. Ɗabi'ar nan kuwa ita ce yanke wa fim hukunci tun bai fito ba. Da zarar an ji cewa wane zai fito a sabon fim, sai ka ga jama'a ta rabu gida biyu, a teburin mai shayi, da tashar mota, da majalisar ƙofar gida. Waɗannan su ce ba a taɓa yin irinsa ba, ba kuwa za a ƙara ba. Waɗancan su ce ai shirme ne, duk wanda ya biya kuɗinsa ya kalla ya yi asara. In ka tambayi na farko, "Malam, ka gan shi?" sai ya ce a'a. Ka juya ga na biyu, shi ma ya ce a'a. To, a kan me a ke ta da jijiyar wuya? Wannan shi ne abin da magabata su ka kira cinikin biri a sama, sun kuwa hana mu shi tun da daɗewa.

Kada mai karatu ya zaci ƙin kallo ne ya sa mu wannan magana. Sha'awar fim tsohuwa ce a ƙasar nan, ba kuwa abin kunya ba ce. Tun zamanin Turawa motar majigi ta ke zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, yaro da babba su taru. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, sa'an nan finafinan Indiya su ka zo su ka kwanta wa mutanenmu a rai, har su ka raɗa wa 'yan wasansu sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan sana'ar finafinan Hausa ta kankama, ta ci da dubban mutane. Duk wannan abin alfahari ne. Abin da mu ke suka daban ne, watau son da ya rufe ido, da ƙiyayyar da ba ta tsaya ta duba ba.

Bari mu fara da yadda a ke kunna wutar ɗokin nan, domin ba ita ke kunna kanta ba. Dā can hoto guda a ke liƙawa a bangon sinima, mai wucewa ya gani ya wuce. Yanzu tun saura watanni fim ya fito a ke sako tallansa a wayar hannu. Fim ɗin ya kai awa biyu ko uku, amma tallan bai wuce minti biyu ko uku ba. Wa ke zaɓen waɗannan mintoci? Mai fim ne da kansa. Zai tsamo wurin da faɗa ya fi zafi, da wurin da waƙa ta fi daɗi, da kalmar da ta fi ratsa zuciya, ya jera su, ya ɓoye sauran. Ko mai tumatir a kasuwa manya ya ke ɗorawa a saman kwando. Ba mu ce ya yi laifi ba, sana'arsa ke nan. Amma mai saye da ya dubi saman kwando ya rantse har ƙasa haka ya ke, shi ne ya cuci kansa.

Dalilin wannan gaggawa kuwa kuɗi ne. Mai fim ya zuba dukiya mai yawa, wani ma bashi ya ciwo. Ya san in fim ya kwana uku a sinima, waɗanda su ka gani za su gaya wa waɗanda ba su gani ba, gaskiya ta yi halinta. Saboda haka burinsa shi ne a cika masa ɗaki a kwanakin farko, tun labari bai bazu ba. Duk mai sha'awar da ya tashi yana yi wa fim kirari tun bai gan shi ba, ya zama ɗan talla ke nan wanda ba a biya ko kwabo.

Ga misali daga Indiya, inda wannan ciwo ya fi ƙamari. A watan Nuwamba na 2018 aka fitar da fim mai suna Thugs of Hindostan. An haɗa manyan taurari biyu a cikinsa, Amitabh Bachchan da Aamir Khan, aka kashe masa kuɗi mai yawan gaske, aka kuma fitar da shi lokacin bikin Diwali, sa'ad da mutane ke hutu. Masu sha'awa su ka ce da ganin sarkin fawa sai miya ta yi zaƙi. A ranar farko kaɗai an sayar da tikiti na fiye da rupi miliyan 500, abin da wani fim na harshen Hindi bai taɓa samu ba kafin nan. Amma da mutane su ka fito su ka faɗi abin da su ka gani, sai kasuwa ta faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Daga baya Aamir Khan da bakinsa ya nemi gafarar masu kallo, ya ce laifin a wuyansa ya ke. Ya yi halin dattako. Amma gafarar ba ta mai da wa kowa kuɗin tikitinsa ba.

Yanzu juya ka dubi Sholay, wanda da wuya a sami mai kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa da bai san shi ba. An fitar da shi ran 15 ga Agusta, 1975. Masu sharhi a jaridu su ka kushe shi, a makonnin farko kuma kasuwa ba ta yi armashi ba, har aka fara cewa ya faɗi. Amjad Khan, wanda ya fito a matsayin ɗan fashi Gabbar Singh, a lokacin ba kowa ya san shi ba, har waɗansu su ka ce muryarsa ba ta kai ta mugu ba. Sai ga shi waɗanda su ka gani sun koma sun sake gani, sun jawo 'yan'uwansu. Fim ɗin ya yi fiye da shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombai, Gabbar Singh kuwa ya zama mugun da a ke buga misali da shi. Ashe wanda aka yi wa guɗa tun yana ciki ya zo a gurguje, wanda aka raina kuwa shi ya ɗauki tuta. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

In yabon da ba a gani ba asarar kuɗi ya ke jawowa, to, sukan da ba a gani ba ya fi muni, domin shi fitina ya ke haifarwa. A watan Janairu na 2017, ana cikin ɗaukar wani fim a Jaifur game da sarauniya Padmavati, sai jita-jita ta bazu cewa akwai wurin da aka ci mutuncinta. Wata ƙungiya mai suna Karni Sena ta auka wa wurin aikin, aka fasa kaya, aka mari mai ba da umarni, Sanjay Leela Bhansali. Aka yi ta yi wa 'yar wasan, Deepika Padukone, barazanar kisa. Aka ɗage fitowar fim ɗin daga Disamba 2017, aka sauya masa suna ya koma Padmaavat, waɗansu jihohi su ka hana nuna shi, sai da Kotun Ƙoli ta Indiya ta soke hanin. Da aka fitar da shi ran 25 ga Janairu, 2018, aka nemi wurin cin mutuncin nan sama da ƙasa, babu shi. Watau shekara guda aka yi ana ƙone-ƙone da tsoratar da bayin Allah a kan abin da bai wanzu ba. Da an bi maganar nan ta gani ya kori ji, da ba a kai ga haka ba.

Kada mu ce wannan halin Indiyawa ne, mu ba ruwanmu. Dubi yadda samarinmu ke kasa kansu runduna runduna, kowace da gwaninta. In an yabi wancan, sai wannan ya ji kamar ubansa aka zaga. A kan shiga wayar hannu a zazzage wa mutum ashar, a tono asirin iyalinsa, a ƙaga masa abin da bai yi ba, duk don a nuna gwanin wani ya fi. Su kuwa 'yan wasan nan da a ke faɗa dominsu, sau da yawa za ka same su a wurin aiki ɗaya, suna cin abinci a kwano ɗaya. In sun saɓa su kan shirya, su bar magoya baya da gabar da su ka ɗauko. Me ya fi wannan wauta, a ɓata da maƙwabcin da zai kai ka asibiti da tsakar dare saboda mutumin da bai san sunanka ba?

Abin ya kan kai ga rai ma. Ran 4 ga Disamba, 2024, aka yi nunin farko na fim ɗin Pushpa 2 a wata sinima a birnin Haidarabad. Da aka ji tauraron fim ɗin, Allu Arjun, ya iso, sai jama'a ta yi ca a kansa, aka yi turmutsitsi. Wata mata ta rasu, ƙaramin ɗanta ya ji mummunan rauni. Bayan kwana tara 'yan sanda su ka kama tauraron, ya kwana a tsare kafin a sake shi a kan beli. Fim ɗin yana nan, wanda ya jira mako guda ya gan shi cikin kwanciyar hankali. Matar nan kuwa ba ta dawowa.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Fim ba aikin mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai wanda ya rubuta labari, da mai ba da umarni, da mai riƙe kamara, da mai tace hoto, da mai kiɗa. Sholay ɗin nan da a ke yabo, Salim Khan da Javed Akhtar ne su ka rubuta shi, Ramesh Sippy ya ba da umarni. Mutum nawa cikin masu kirari su ka san waɗannan sunaye? In masu kallo ba sa tambayar kome sai "Wa ya fito a ciki?", to, mai shirya fim zai kwashe kuɗinsa ya ba tauraro, ya sallami marubuci da abin da bai taka kara ya karya ba. Sakamakon haka shi ne fuska ɗaya, labari ɗaya, a sauya riga a sauya suna a sake kawo mana. Sabon yaro mai basira kuwa ya tsufa a bakin ƙofa, don an ce ba shi da jama'a. Mu da ke kukan finafinai sun lalace, mu ne mu ka koya wa masu yin su cewa suna kaɗai mu ke saye.

Wani zai ce, "Haba Malam, ai ɗokin ma wani daɗi ne, kamar jiran Salla." Gaskiya ne, ba kuwa wanda ya hana ka ɗoki. Ka ƙirga kwanaki, ka tanadi kuɗinka, ka yi fatan alheri. Amma ɗoki daban, shaida daban. Mai jiran Salla ba ya rantsuwa cewa tuwon gidan wane ya fi na gidan wane daɗi tun ba a ɗora tukunya ba. Wani kuma zai ce, "Na san aikin gwanina, bai taɓa ba ni kunya ba." To, ai masu sha'awar Aamir Khan ma haka su ka ce, bayan ya ba su Dangal a 2016. Aikin jiya dalili ne na sa rai, bai zama hujjar yanke hukunci ba. Wani ma zai ce, "Kuɗina ne, bakina ne." Kuɗin naka ne lalle, amma bakin in ya taɓa mutuncin wani ya fita daga naka, akwai kuwa ranar da za a tambaye ka.

Ku 'yan'uwa da Allah ya buɗe muku ido da karatu, ku ne ya kamata ku zama gishirin majalisa. Amfanin karatu shi ne mutum ya duba da kansa, ya daina rayuwa a kan "an ce". In an kawo muku labarin sabon fim, ku tambayi wanda ya rubuta shi, da abin da labarin ya ƙunsa. Ku ba shi 'yan kwanaki, ku ji daga bakin wanda ya gani, wanda kuma ba ɗan rundunar kowa ba ne. In kun kalla, ku faɗi abin da ya yi kyau da abin da ya gaza, ko da gwaninku ne ya gaza, domin so ne ke hana ganin laifi, ɗan wasan da ba a gaya masa gaskiya kuwa ba ya ci gaba. Ku raba mutum da rawar da ya taka: wanda ya fito a mugu ba lalle mugu ba ne a gidansa, wanda ya fito a malami ba lalle a bi shi salla ba. In kuma kun ji ana zagin wani a kan fim ɗin da bai fito ba, ku yi tambayar nan guda, "Ka gani?" Sau da yawa ita kaɗai ta isa ta kashe gardama.

Allah ya ba mu idon gani da haƙurin jira, ya kuma tsare harsunanmu daga shaidar abin da ba mu gani ba. Amin.