Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Akwai wani zance mai daɗin ji da ake yi wa matasanmu a tarukan fasahar zamani, na kuwa gaji da jin sa. Wai buɗaɗɗiyar manhaja ta kowa ce: duk mai kwamfuta da intanet, a Helsinki yake ko a Goronyo, yana iya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, duniya ta amfana. Rabin zancen gaskiya ne. Lasisin GPL da Richard Stallman ya fitar a 1989 ya halatta wa kowa ya karanta, ya kwafa, ya sauya. Amma gyaran da ka yi a ɗakinka naka ne kai kaɗai, har sai an shigar da shi cikin ainihin manhajar da jama'a ke saukewa, mai shigarwar kuwa mutum ne da ke riƙe da mabuɗi. Wa ake ba wannan mabuɗi, bayan wane irin horo, a hannun wa? Nan ne mulkin yake, nan ne kuma masu jawabi ke yin shiru.

Da masu riƙe da mabuɗin nake, na waje da na gida. Hujjarsu ta rowa ta ƙara ƙarfi tun watan Maris na 2024, kuma ba zan ɓoye ta ba. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna XZ Utils, aikinta matse fayil don ya rage girma, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Shekara da shekaru mutum ɗaya ke kula da ita, Lasse Collin, ba albashi ba lada. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare masu kyau. Wasu sunaye da ba a san su ba suka yi ta matsa wa Collin lamba, suna zarginsa da nawa, suna cewa ya nemi mataimaki. Shi kuma a 2022 ya fito ya ce rashin lafiya ya rage masa kuzari. Ya miƙa wa Jia Tan mabuɗi. Bayan kimanin shekara biyu yana aiki kamar mutumin kirki, Jia Tan ya dasa ɓarauniyar hanya a fitowa ta 5.6.0 da ta 5.6.1, wadda da ta bazu da ta ba shi damar kutsawa cikin manyan kwamfutocin duniya. Allah ya sa wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya fallasa abin ran 29 ga Maris.

Darasin da mutane da dama suka ɗauka shi ne: a guji baƙo. Sunan da ba a sani ba, daga ƙasar da ba a saba da ita ba, a bar shi a zaure. Ni kuwa na ce sun karanta allon a kife. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce mutum ɗaya, gajiyayye, ɗauke da kayan da duniya ke hawa a kai, ba tare da an taya shi renon ko da mutum biyu da ya san aikinsu ba. Da akwai amintattu uku a kan XZ, da matsin lamba bai sa an miƙa gida ga wanda ya fi naci ba, da kuma an sami wanda zai tambayi dalilin da ya sa fayilolin da ake saukewa suka bambanta da abin da ke cikin rumbun rubutun. Za a ce ai Jia Tan ma a hankali ya hau tsani, kamar yadda nake so a bar kowa ya hau. Haka ne. Sai dai ya hau ne ba mai kallonsa. Ƙa'idar cewa kada gyara ya shiga sai mutum biyu sun duba ba ta aiki inda ba mutum biyu, mutum na biyun kuwa ba daga sama yake faɗowa ba, renon sa ake yi.

Mu da muka tashi a bakin madatsar ruwa ta Goronyo ba sai an koya mana nauyin ƙofa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2010 a kwarin Rima ya san ba a wasa da ita. Amma manomin albasa a rani ya san cewa ƙofar da ba a buɗewa ita ma hasara ce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan ƙasa tamu ta warware matsalar tun kafin a yi kwamfuta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci irin tambayar nan sak: ilimi yana hannun 'yan kaɗan, masu buƙatarsa na warwatse a ƙauyuka, ita kuma ba za ta iya isa ko'ina ba. Ba ta rufe ƙofa ba, ba ta kuma yi shela cewa kowa malami ne ba. Ta zaɓi dattijan mata da aka yarda da halinsu, ta karantar da su, ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa da jan rawani, alamar cewa an ba ta izini. Jaji takan jagoranci ayarin 'Yan Taru zuwa wurin malama, a karanta, ta koma ƙauye ta koyar, ta sake dawowa. A lura da abu biyu: izinin a bayyane yake, kowa ya ga malfa ya san wadda ta ba da ita, kuma ba a yanke igiya tsakanin malama da ɗaliba bayan naɗi ba. Shi ya sa aikin ya rayu bayan ita.

Ayyukan manhaja da suka daɗe, da za a duba, irin wannan suke yi. A Debian, sabon shiga yakan fara da mai ɗaukar nauyinsa wanda ke duba kayansa ya ɗora masa. Daga baya a ba shi izinin ɗora wasu kaya ƙididdigaggu da kansa. Cikakken izini sai wani tsohon hannu ya tsaya masa, an kuma gwada saninsa. A gidauniyar Apache ƙuri'a ake kaɗawa kafin a ba mutum izinin rubutu, sabon aiki ma sai an haɗa shi da masu reno. A Linux kowane gyara na ɗauke da sunan wanda ya rubuta da sunayen waɗanda ya ratsa ta hannunsu, kamar dai silsilar malamai. Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, kuskuren sabon hannu ya zama abin da ake warwarewa cikin minti kaɗan. To ina hujjar rowa?

Sai in juyo gida, inda cutar ta ɗauki wata siga. Na halarci taruka irin na kwana biyu: a tara matasa a zaure mai fanka, a raba riguna, a koya musu aika gyara ɗaya, a ɗauki hoto, a ba da takardar shaida. Rahoto ya tafi wurin mai ba da tallafi cewa an horar da mutum kaza. Mako guda bayan haka yaro ya aika gyaransa na biyu, ba mai amsa masa, don wanda ya koyar ya wuce wani gari da wata rigar. Mabuɗan kuwa suna nan a hannun mutum uku ko huɗu da suka fara aikin, a birni, kuma ba inda aka rubuta abin da mutum zai yi ya zama na biyar. Inda ba rubutacciyar ƙa'ida, sanayya ce ƙa'ida. Ɗan Wurno ko ɗan Rabah da bai taɓa shan shayi da kowa a Abuja ba, ta ina zai bi?

Ko inda aka rubuta ƙa'idar, wani lokaci ma'aunin ne ke da son kai. Ana so a ga mutum yana aiki ba yankewa, wata bayan wata. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da namu na gabas. Wanda ya ɓace a lokacin ba lalaci ya yi ba. Mai reno da ya san ɗalibinsa ya san haka. Jadawalin lissafin gyare-gyare bai sani ba.

Kada kuma a ɗauka ina kiran a watsa mabuɗai kamar goron suna. A 2020 aka gano cewa dubban maƙaloli a Wikipedia ta harshen Scots wani matashi Ba'amurke ne ya rubuta su, bai iya harshen ba, da kyakkyawar niyya, kuma har matsayin mai gudanarwa ya kai. Shekaru yana aiki ba wanda ya zauna da shi ya duba. Mu da ake ta fassara manhajoji da tattara muryoyi da Hausa, a ayyuka irin su Common Voice na Mozilla, wannan ya ishe mu tsoro. Wanda ke amincewa da fassara shi ke yanke ko ƙ da ɗ za su tsira a fuskar waya, ko kuma lafazin Basakkwace zai shiga rumbu ko a jefar da shi a matsayin kure.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗin riguna. Kowane aiki ya rubuta matakansa a inda kowa zai gani. Wanda ya aiko gyara mai kyau sau da yawa a haɗa shi da mai reno ɗaya, da sunansa, wanda zai amsa masa cikin mako. A fara ba shi izini kan ɓangare guda, kamar fassara ko gwaji, kuma kada gyaran kowa ya shiga, har da na wanda ya kafa aikin, sai wani ya duba. Duk mai riƙe da mabuɗi da ya shekara biyu bai tsaya wa sabon mutum ko ɗaya ba, a tambaye shi dalili a gaban sauran, kamar yadda za a tambaye shi in ya ɓatar da kuɗin tallafi.