Kafin a Sayo Tabarau na VR, a Fara Haɗa Gidan Tarihi da Darasin Aji

Kalmar "manhaja" tana da ma'ana biyu a bakin Bahaushen yau. A wurinmu masu bibiyar fasaha, ita ce abin da ake saukewa a waya. A wurin malamin makaranta kuwa, ita ce tsarin abin da zai koyar tun daga makon farko na zango har zuwa jarrabawa. Duk lokacin da aka tashi zancen zamanantar da gidajen adana kayan tarihi, ma'anar farko ce ke cinye hirar: a ƙirƙiri manhajar waya, a kafa manyan allunan shafawa, a sayo tabarau na VR. Ni a ganina ta biyun ce ya kamata a fara da ita, domin na'urar da ba ta da alaƙa da darasin da malami zai koyar a makon nan, ado ce kawai.

Duk wanda ya taɓa zuwa ziyarar makaranta ya san yadda take kasancewa. A cika mota da yara, a zagaya ɗaki-ɗaki cikin awa guda, na gaba su ji bayanin jagora, na baya su yi ta surutu, a ɗauki hoto a ƙofa, a koma. Washegari malami ya ɗora daga inda ya tsaya a littafi, kamar ba a je ko'ina ba. Ko an raba wa kowane yaro kwamfutar hannu a bakin ƙofa, hakan ba zai sauya ba, tun da tun farko ba a ɗaure ziyarar da wani darasi ba.

Mu duba yadda Ingila ta yi. A shekarar 2014, lokacin da sabuwar manhajar karatu ta fara aiki a makarantun ƙasar, Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan ya buɗe shafin koyar da tarihi da kayayyaki 100, da tallafin ma'aikatar ilimi. An zaɓo kayan daga gidajen tarihi daban-daban na ƙasar, aka jingina kowanne da wani maudu'i na manhajar, tare da hoto, da bayani, da shawarwarin yadda za a yi amfani da shi a aji. Ba wata fasaha ce mai wuyar gaske ba, shafin intanet ne kawai. Aikin da ke cikinsa shi ne zaman da aka yi aka tantance wane kaya ne ya dace da wane darasi. A wannan gidan tarihin akwai kuma cibiyar koyo da na'urori da aka buɗe da haɗin gwiwar Samsung a 2009, inda ɗalibai ke aiki da kwamfutocin hannu kyauta, kuma darussanta ma manhajar makarantu suke bi.

Wani abin da ya kamata ya taɓa mu shi ne, a manhajar Ingila, cikin al'ummomin da aka ba malamin firamare zaɓin koyarwa har da daular Benin ta Yammacin Afirka. Ma'ana, yaro ɗan shekara tara ko goma a Landan zai iya karanta tarihin Benin yana kallon allunan tagullar da sojojin Birtaniya suka kwaso daga birnin a 1897.

A Amurka kuma, cibiyar Smithsonian ta buɗe dandalin Learning Lab a 2016. Malami zai shiga kyauta, ya lalubo hotuna, bidiyo da takardu cikin miliyoyin da aka ɗora, ya tara waɗanda suka dace da darasinsa wuri guda, ya ƙara tambayoyi, ya tura wa ɗalibai. Zai iya kwafar tarin da wani malami ya haɗa ya gyara shi daidai da ajinsa. A 2020 cibiyar ta saki hotuna kimanin miliyan 2.8 ga kowa, ba tare da sai an nemi izini ba. Darasin da ke nan shi ne, an bar wa malami linzami, domin shi ya san ajinsa.

To mu a gida fa? An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya wajen shekarar 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido shi. Bayan shekaru fiye da goma, ba makawa akwai malaman da aka ɗora wa koyar da darasin da su kansu ba su samu sosai ba. Alhali kayan koyarwar suna nan jibge. Gidan Makama na Kano gini ne da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Gidan tarihi na Jos, da aka buɗe a 1952, yana ajiye da mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928. Kwalekwalen Dufuna, da wani makiyayi ya gano a Yobe a 1987 yana haƙa rijiya, ya kai kimanin shekara 8,000. Kuma ba darasin tarihi kaɗai ba: yadda aka gano shekarun kwalekwalen darasin kimiyya ne, yadda ginin ƙasa ke riƙe sanyi darasin fasaha ne, rinin baba kuma ya shafi sinadarai.

Shawarata ita ce, hukumar kula da gidajen tarihi ta NCMM da hukumar tsara manhajar karatu ta NERDC su zauna da malaman da ke aji, su fitar da jeri: wannan maudu'i, wannan aji, wannan kaya. Ko da kaya hamsin aka fara, ya wadatar. Kowane kaya a yi masa hoto mai kyau, da bayanin shafi ɗaya da Hausa da Turanci, da sautin murya na minti biyu, da tambayoyin kafin ziyara da na bayanta. A yi su marasa nauyi, yadda malami zai sauke sau ɗaya ya tura wa abokan aikinsa ta WhatsApp ko Xender ba tare da data ta ƙare masa ba. A gidan tarihin kuma a manna lambar QR a gefen kowane kaya, mai kaiwa ga wannan bayanin. Hoton 3D ma yanzu wayar hannu mai kyakkyawar kyamara tana iya haɗa shi, aikin da ɗaliban kwamfuta na jami'o'inmu za su iya yi a matsayin aikin kammala karatu.

Wasu za su ce idan aka ɗora komai a waya, ba wanda zai ƙara zuwa gidan tarihi. Ban yarda ba. Yaron da ya yi mako guda yana amsa tambayoyi a kan sulken mayaƙan da, shi ne zai fi ɗokin ganinsa ido da ido. Yarinyar da ke ƙauyen da mota ba za ta taɓa kai ajinsu Jos ba kuwa, hoton da ke wayar malaminta ya fi babu. Wasu kuma na fargabar cewa bayyana kayan zai jawo ɓarayi. Ai kayan da aka ɗauki hotonsa aka yi masa rajista ya fi wuyar sayarwa a ɓoye. Shafin Digital Benin da aka buɗe a 2022 ya tattara bayanan kayan Benin fiye da 5,000 da ke warwatse a ƙasashe 20, kuma wannan ya ƙara wa masu neman a dawo da su hujja ne.

Ba ina ƙin tabarau na VR ba ne, ni ma ina sha'awarsa. Amma guda nawa za a saya wa aji mai yara tamanin, kuma wa zai gyara idan ya lalace? Wayar da ke aljihun malami ta riga ta isa ajin. Idan akwai kuɗin zamanantarwa, a fara kashe shi a kan abin da za a zuba mata, da horar da malamin da zai buɗe shi gaban ɗalibai.