Wa ke auren ɗiyar wa?

Duk taron zaman lafiya da aka yi a jihar Maraɗi, sai wani babba ya tashi ya ce ai mu duka ɗaya ne, auratayya ta haɗa mu. A yi tafi, a watse. To, amma wa ke auren ɗiyar wa?

Je ka Agye ko Gazawa ka zauna da tsofaffi. In ɗan sarauta ya nemi ɗiyar talaka, ba mai cewa uffan. Amma bari ɗan mahauci, ko wanda ake raɗe-raɗin kakansa bawa ne, ya kai goro babban gida. Sai ka ji "an riga an yi mata miji". Ko digiri gare shi. Nijar ta kafa dokar hukunta bauta tun 2003, amma doka ba ta zama wurin sa rana.

Kar ku ɗauka zancen soyayya ne kawai. Aure ne ke faɗin wa zai gaji gona, a yankin da ƙasar noma ta matse har mata na rasa gamana. Shi ne ke ba ka surukan da za su tsaya maka ranar rigima. A Toda, gundumar Gidan Rumji, an kashe Fulani sama da 100 a 1991, yawancinsu mata da yara. Yau gidan manomi nawa da na makiyayi suka haɗa jika? Wa ya ƙirga?

A Amurka, sai 1967 kotun ƙoli ta soke dokokin hana aure tsakanin baƙi da farare. A shekarar, 3 cikin 100 na sababbin ma'aurata ne suka auri wani jinsi. A 2015 sun kai 17. Masana yawan al'umma na ƙare rayuwarsu kan wannan lissafi, don da shi ake gane inda katanga ta faɗi da inda take tsaye.

'Yan uwana ɗalibai na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ta Abdou Moumouni, ga aiki a ƙofar gida. Ku zaɓi ƙauye uku, ku bi auren kaka da uba da jika, ku rubuta wanda aka ba da wanda aka hana.

Amma kafin nan, kai da ke karantawa: in ƙanwarka ta kawo ɗan mahauci gida, mi za ka ce wa baba?