Wasiƙar intanet: ina takardun ɗan kasuwar Arewa suke kwana?

Tun lokacin da aka rufe iyakar ƙasarmu da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kaya da dama da suka saba shigowa daga Kwatano ta Gaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, masu shiga tsakani sun ƙaru, har ɗan kasuwar Dogon Dutsi ko na Tibiri ya wayi gari yana ciniki da mutanen da bai taɓa gani ba. Rasit da takardar kaya da shaidar biyan kuɗi, duk ta salula suke zuwa. Abin tambaya a nan shi ne, ranar da gardama ta tashi, ina za a samo waɗannan takardu?

Yawancinmu a WhatsApp muke barinsu, domin yana da sauƙi, kuma wanda bai yi lakwal ba ma yana iya aika murya. To amma WhatsApp da lambar layi yake ɗaure. Salula ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge ta a kasuwa, in ba a ajiye kwafi ba, shi ke nan. Kamfanin ma yakan goge asusun da ya kwana 120 bai hau intanet ba. Wasiƙar intanet kuwa, wato imel, adireshi ce da ba ta mutuwa don layi ya ɓace, kuma ita bankuna da manyan kamfanoni suka fi tambaya.

Sai dai imel ɗin ma yana da hanyoyi, kuma kowace da halinta. SMTP shi ne kamar direban da ke ɗaukar wasiƙa ya kai. Wajen karɓa, akwai POP3 da IMAP. POP3 kamar ka je sito ne ka kwashe buhunanka ka kai gida: wasiƙu suna sauka cikin na'ura ɗaya, kuma in ba a umurce shi ya bar kwafi ba, yana iya share na can. Na'urar ta lalace, kaya sun tafi. IMAP kuwa yana barin kayan a sito, kana duba su daga salularka ko daga kwamfutar ɗanka da ke Yamai, abu ɗaya za ku gani. Ga mai yawo tsakanin Matankari da Kore Mairuwa da Birnin Kebbi, IMAP ya fi dacewa.

Saura da me za a buɗe wasiƙar. Ana iya shiga ta Chrome ko Firefox, amma galibi sai da intanet a lokacin. Ana kuma iya sa manhaja a kwamfuta, kamar Thunderbird da ake samu kyauta ko Outlook na kamfanin Microsoft, waɗanda ke riƙe kwafin wasiƙu ana karanta su ko intanet ya ɗauke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ba mu manta da watan Agusta 2023 ba, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ko ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, intanet ya yi rauni a ƙasashen yammacin Afirka. A irin wannan rana, mai kwafi a hannu shi ke da hujja. Ƙari a kan haka, a 2024 Gmail ya janye shafinsa mai sauƙi wanda yake buɗewa ko da intanet ba shi da ƙarfi.

Opera Mini da mutane ke so yana tsimin mega ne saboda shafin yana fara bi ta na'urorin kamfanin a matse shi kafin ya iso. Ya yi kyau wajen karanta labarai da duba farashi, amma lamarin banki gara a yi shi ta Chrome ko Firefox da aka sabunta. Mu kuma lura da tsofaffin kwamfutocin gwanjo: Microsoft ya daina gyara Windows XP tun 2014, ya kuma yi sallama da Internet Explorer a 2022. Shiga asusu da su kamar barin shago ne da kwaɗon da kowa ya san makullinsa.

Amma babbar ɓarakar ba a na'ura take ba. Da yawa cikin iyayenmu mata masu wake da gyaɗa da dankali, yaro ne ya buɗe musu adireshi, shi ya san kalmar sirri, lambarsa ce a ciki. Yaron ya tafi cin rani, asusu ya bi shi. Tun Disamba 2023 kuma Google yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa ba. Ko manya ba su tsira ba, domin Yahoo ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi asusu biliyan 3.

Saboda haka shawararmu ita ce, a yi hira da ciniki a WhatsApp, amma duk takardar da ta shafi kuɗi a nemi a turo ta imel. Adireshin ya kasance da lambar mai dukiya, kalmar sirri a hannunsa. Ƙungiyoyin mata masu asusu, irin na Mata Masu Dubara, su damƙa ta ga mutum 2, kada ta tsaya a hannun ɗaya. In wasiƙa ta zo tana cewa an canza lambar asusun da za a zuba kuɗi, kada a aika ko dala sai an kira mutumin an ji muryarsa, domin wannan tsohuwar dabarar macuta ce. Kakanninmu fatake shaidu suke kafawa kafin su ba da bashi. Yau takarda ce shaida, kuma sai wadda aka adana ke yin magana. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa.