Sharhi: Ɓurɓushin zinare da fatan gano cutar daji tun tana ƙarama

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa a wani ƙaramin asibiti a Suleja ya ga zinare yana aiki, ko da bai sani ba. Jan layin nan da ke fitowa a jikin ɗan katin gwajin, a akasarin irinsa, ɓurɓushin zinare ne da aka ƙanƙanta har ido ba ya iya ganin ƙwaya ɗaya. A wannan girman zinare yakan bar launinsa na rawaya ya koma ja, abin da masanin kimiyya na Ingila Michael Faraday ya yi bayaninsa tun 1857.

Irin wannan ɓurɓushi ne masu bincike ke son turawa cikin jini domin ya fito da ƙari a hoton asibiti. Dalilin a fili yake. Kafin a ɗauki hoton CT, akan yi wa majinyaci allurar wani ruwa mai ɗauke da aidin domin sassan jiki su bambanta da juna. Sai dai ƙoda na saurin tace aidin, kuma yana iya wahalar da mai ciwon ƙoda. Zinare ya fi shi tare hasken da na'urar ke harbawa, yana kuma daɗewa yana zagaye cikin jini. Ana iya maƙala masa wani sinadari da zai sa ya riƙa liƙewa a jikin ƙwayoyin cutar daji. A 2006 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin James Hainfeld, suka nuna cewa hakan na fito da jijiyoyi da ƙari a jikin ɓeraye.

Binciken bai tsaya a ƙasashen Turai da Amurka ba. A maƙwabtan Suleja, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja da cibiyar kimiyya ta Sheda a yankin Kwali, masu binciken da suka yi aiki da Farfesa Wole Soboyejo sun haɗa ɓurɓushin zinare ta amfani da ruwan ganyen tafashiya, itacen da magabata suka daɗe suna sha don zazzaɓi, sannan suka auna yadda yake manne wa ƙwayoyin sankarar mama a ɗakin gwaje-gwaje.

To amma tsakanin ɗakin gwaji da gadon majinyaci akwai tafiya mai nisa. Har yanzu zinare bai zama abin da ake yi wa mutane allura da shi don hoton CT a asibitoci ba. Babbar matsalar ita ce fitarsa daga jiki: ƙwayoyin da suka ɗan girma ba sa bi ta ƙoda, sai su taru a hanta da saifa su yi zamansu. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwajen shekara goma a kan dabbobi, ya gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari kacal na irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi ne ke isa ga ƙarin.

Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 an ƙiyasta sabbin masu cutar 127,763 a Najeriya, mutum 79,542 kuma sun rasu. Sankarar mama ce kan gaba. Likitoci sun daɗe suna kokawa cewa galibin mata ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci jiki, bayan an sha jiƙe-jiƙe an gaji. Matar da ta ji kulluntu a mamanta a Suleja, abin da ke gabanta shi ne kuɗin hoto, da kuɗin gwajin tsoka, da na motar zuwa Asibitin Ƙasa na Abuja ko asibitin koyarwa na Gwagwalada. Ko da an amince da allurar zinare gobe, sai da na'ura mai aiki, da wutar da ba ta ɗaukewa, da likitan da zai karanta hoton.

A nan ne ya kamata a auna gwamnati. A watan Yulin 2025 an buɗe sabbin cibiyoyin kula da masu cutar daji a Katsina da Enugu da Benin, uku daga cikin shida da aka yi alkawari. Akwai kuma asusun tallafa wa marasa galihu masu cutar, da Cibiyar Bincike da Maganin Cutar Daji ta Ƙasa. Waɗannan ne za su ceci rayuka a bana da baɗi. Binciken zinaren kuwa na buƙatar kuɗin da ba ya yankewa na tsawon shekaru, abin da jami'o'in ƙasar nan ba su cika samu ba.

Jihar Neja dai ba baƙuwar zinare ba ce, sai dai saninta da shi ya fi yawa ta fuskar makoki. A 2015 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi, a watan Yunin 2024 kuma ramin haƙar ma'adinai ya rufta da ma'aikata a Galkogo ta yankin Shiroro. Wanda ake buƙata a ɗakin gwaji ɗan kaɗan ne, tsaftatacce ƙwarai, kuma a kwalba yake zuwa daga kamfanonin sinadarai.