Laburaren da ba ya jin magana

Jama'a, 'yan digiri na biyu musamman, ku zo mu yi magana. Yaya za a ce ɗalibi ya rubuta kundi a kan waƙar baka, alhali laburaren makarantarsa ba shi da ko faifai ɗaya da zai saurara?

Ni daga Manawashi nake hawa keke napep kullum, in je in tarar da littattafai jere reras, kwamfutoci a lulluɓe, amma sauti babu. Waƙoƙin Shata da nake nazari, wallahi a wurin mai cajin waya aka tura mini su a memori. Ba shekara, ba wurin da aka yi wasan, wata ma an datse mata kai. Mai duba aikina ya ce, "Ina madogara?" Gaskiyarsa ce. To me zan rubuta, shagon caji?

Kada wani ya ce ai an rubuta waƙoƙin a littafi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aikin da ba za mu iya biyansa ba wajen tattara su. Amma takarda ba ta ɗaukar kalangu, ba ta ɗaukar amshi, ba ta nuna inda makaɗi ya ja numfashi ko ya karya murya. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Wanda ya karanta Narambaɗa bai ji shi ba, rabin waƙar ya gani.

Masu cewa "komai na YouTube" kuma, wa ya tantance? Sau nawa aka liƙa sunan Ɗanƙwairo a kan waƙar wani? Gobe mai shafin ya goge, shi ke nan.

Laburaren Birtaniya a Landan yana ajiye da sauti sama da miliyan 6, kuma a 2017 suka tashi haiƙan suna juya tsofaffin zuwa kwamfuta, don sun san kaset ruɓewa yake. Su da ke cikin sanyi ke nan, balle zafin Gombe a watan Afrilu. Kusa da mu ma, Yamai tana da cibiyar CELHTO tun 1968, aikinta tattara tarihin baka.

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Su dai sun yi sa'a, gidajen rediyo sun ɗauke su. Tsohuwar da ke waƙar daɓe da Tangale ko Tera fa? Mai ba da tarihin Bubayero da Fulatanci fa? Kuma ba waƙa kaɗai ba, kaset-kaset na tafsiri nawa ne ke cin ƙura a akwatunan iyayenmu?

Ba bene muke roƙo ba. Ɗaki ɗaya, rikoda mai juya kaset, kwamfuta, ma'aikaci ɗaya da zai rubuta wa ya yi, yaushe, a ina. Sannan duk wanda ya je ƙauye ya ɗauko murya don kundinsa, a hana shi sa hannun kammalawa sai ya ajiye kwafi. Ƙungiyar ɗaliban gaba da digiri, ku sa wannan a taronku na gaba, ni zan kawo takardar koken.